Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jigawa: A faɗa mana yawan buhunan kafin a buɗe sito

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da muƙarrabanka, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne. Tun da na ajiye alli nake zaune a ƙauyenmu, kuma ka san a ƙauye duk wanda ya iya riƙe biro shi ne magatakardan kowa. Da wuya a yi rabon tallafi a yankinmu takardarsa ba ta biyo ta zaurena ba. Wannan a cike masa fom, waccan a karanta mata saƙon da ya shigo wayarta, wancan a duba masa ko sunansa ne a jerin ko na takwaransa. Abin da na gani a wannan zama ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma buƙatar tawa ba ta da yawa. Duk abincin da gwamnati za ta raba, ko kuɗin abinci, a fara gaya wa mutanen kowace mazaɓa buhu nawa ne nasu, da sunan wa da wa aka rubuta, a bainar jama'a, tun kafin a buɗe sito. Kusan duk ɓarnar da ake yi a harkar nan, a cikin rashin sanin waɗannan abubuwa biyu take samun wurin kwana.

Kai akanta ne, ka riƙe ma'aikatar kuɗi kafin ka zama mataimakin gwamna, don haka bari in yi maka magana da lissafi. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa ta ware wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace tirela buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan. A rediyo abin da daɗin ji, tirela ashirin ai ba wasa ba. Amma Jigawa mazaɓa 287 gare ta a ƙananan hukumomi 27. In an raba daidai, ba a cire wa kowa ko ƙwaya ba, kowace mazaɓa za ta tashi da buhu 83 da ɗan ɗoriya. Ƙidayar 2006 ta ce mun haura miliyan 4.3, wato a tsaka-tsaki mazaɓa ɗaya tana da mutum wajen 15,000 tun a wancan lokaci, kuma jariran da aka ƙirga a shekarar wasunsu yau da goyo a bayansu. Maƙwabtanmu na Kano kuwa, da ke da mazaɓa 484, rabonsu bai cika buhu 50 ba.

Ba don in raina kyauta na kawo wannan ba. Talaka ya ji tirela ashirin, amma babu wanda ya ce masa buhu 83. Ranar da aka sauke buhu 30 a gidan mai gari, ba shi da hanyar sanin ko iya abin da aka turo ke nan, ko kuwa 53 sun sauka a hanya. Ɓarawo yana son wannan duhun, domin ba a iya tuhumarsa da adadin da ba wanda ya sani. Mai gaskiya kuma shi ne yake shan wahalarsa. Na san dattawan da aka sa a kwamitin rabo, suka raba tsakani da Allah har suka hana gidajensu, amma har yau in sun wuce ana nuna su da baki, saboda mutane sun auna abin da suka gani da abin da rediyo ta faɗa. Shi ya sa yanzu masu mutunci suke gudun shiga kwamiti. Su wa ke nan aka bar wa?

Buhu ba ya tashi daga Dutse ya faɗo hannun mabuƙaci kai tsaye. Yana yada zango a wurare da yawa, kuma a kowane zango akwai abin da ake kira kaso. Kason masu ruwa da tsaki, kason shugabannin jam'iyya, kason matasa, kason mata, kason waɗanda suka yi gadin kaya, kason wanda ya ba da aron sito, kason direba da 'yan dako. Wasu kason a rubuce suke, wasu kuma a kunne ake raɗa su. Kafin a zo kan wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar, an riga an gama rabon gaske, saura na ɗaukar hoto. A tara mata a rana tun hantsi, a ɗora wa ta farko buhu a ka, a haska kyamara, baƙi su shiga mota su tafi. Bayan ƙura ta lafa sai a ce su haɗu su huɗu ko su shida a buhu ɗaya. Ta koma gida da kwano biyu a bakin zani, bayan ta biya kuɗin babur zuwa da dawowa, ta kuma rasa yinin da da ta yi surfe ko sussuka ta samu na cefane.

Akwai kuma buhun da aka yi wa kaciya, a farke shi a ɗebi kwano biyu ko uku a sake ɗinkewa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu mai kilo 25 ya san nauyinsa a kafaɗa, amma wa zai ce a kawo sikeli a gaban wanda ke ba shi kyauta? Mafi muni shi ne juye, a zazzage shinkafar daga buhun da aka rubuta "ba na sayarwa ba ne" a zuba a sabon buhu, ta wayi gari a kasuwa tana jiran wanda aka turo wa ita ya zo ya saya. Wannan ba zancen majalisar shayi ba ne. A ƙarshen 2023 an gano wani sito a Sharaɗa, cikin Kano, inda ake zargin ana juye kayan tallafi, aka kama wani mataimaki na musamman a gwamnatin jihar, gwamna kuma ya sallame shi. A watan Oktoban 2020 duk ƙasar nan ta ga yadda jama'a suka fasa manyan rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan kullen da aka tara su dominsa. Fasa sito laifi ne, ban goyi bayansa ba. Amma tun daga ranar talakan Najeriya ya daina yarda in an ce masa kaya sun ƙare.

Duk da haka, in za ka tambaye ni inda aka fi cutar mu, ba a sito ba ne, a jerin sunaye ne. Sito ana iya ƙirga shi. Jerin sunaye kuwa a ɗaki ake rubuta shi, da dare, mutum uku ko huɗu. Gida ɗaya sai ya fito sau biyar: maigida da sunansa, matansa kowacce da sunan mahaifinta don kada a gane, ɗansa da ke aiki a Abuja, har da tsohuwar da muka yi wa sutura bara. Makahon da ke bakin masallaci, wanda kowa ya san da sadaka yake kwana, in ya tambaya sai a ce, "Baba, sunanka bai fito ba, daga sama aka turo." Wannan kalma ta "daga sama" ta kashe bakin mutane da yawa. Wanda ke saman bai san makahon ba, bai san ƙauyen ba. Abin da aka aika masa daga ƙasa shi ya buga ya mayar.

Da aka koma biyan tallafi ta banki mun yi murna, muka ce yanzu kam kuɗi zai tsallake 'yan tsakiya. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya a bayan shirin. Sai ga shi 'yan tsakiyar sun riga mu isa. Matar ƙauye ba ta da waya, ko tana da ita ba ta karatu, layin ma da sunan wani aka yi masa rajista. Sai wani yaro mai jaka ya zo ya ce shi wakili ne, a kawo lambar NIN da ta BVN da kuɗin fom. In kati ya fito, a hannunsa yake zama, da lambar sirrin, wai don kada ta ɓatar. Ranar biya ya cire a POS ya miƙa mata abin da ya ga dama, ya ce sauran caji ne. In ta yi ƙorafi ya ce sabis ne babu, ta dawo mako mai zuwa. Wata ma ba ta taɓa sanin an buɗe asusu da sunanta ba. A takardar gwamnati kuwa an rubuta ta karɓa cif-cif, kuma bashin da aka ciwo da sunanta jikokinta ne za su biya.

Ranka ya daɗe, bari in zo kan wanda yake hannunka kai tsaye, wato ciyarwar azumi. A 2024 gwamnatinka ta amince da kimanin Naira biliyan 2.8 don cibiyoyi 609. Niyya ce mai kyau, kuma na ga gidajen da wannan kunu da ƙosai da shinkafa suka rufa wa asiri, na ga matan da suka samu aikin girki suka yi wa 'ya'yansu ɗinkin salla. In aka raba kuɗin kai tsaye, kowace cibiya ta tashi da sama da Naira miliyan huɗu da rabi a watan, wajen Naira 150,000 a kowace rana. Na san akwai sufuri da sa ido da sauran hidimomi da za a cire. To, nawa aka cire, nawa ya rage? Mai girkin ba ta sani ba, abin da aka miƙa mata shi take dafawa. Mai karɓa bai sani ba. Limamin da ake rabon a ƙofar masallacinsa bai sani ba. Da an manna takarda a bango an ce wannan cibiya mutum kaza za ta ciyar a kullum, da kwano kaza na shinkafa, da kwano kaza na wake, da kwalba kaza ta mai, da yaran makarantar allo ma sun isa su yi aikin mai binciken kuɗi.

Na yaba da ka nuna ba a wasa da wannan kuɗi, lokacin da gwamnatinka ta dakatar da wani kwamishina a watan Afrilun 2024 don a binciki zargin da ya shafi ciyarwar azumi a Ƙaramar Hukumar Babura. Sai dai akwai wani abu da ya zama ɗabi'ar ƙasar nan. Labarin kamu da dakatarwa yana iso mana ƙauye da gudu, da ganga da algaita, amma ƙarshen bincike ba ya zuwa da irin wannan ƙarfi. Hakan zalunci ne ta fuska biyu. In mutum ya ci, a faɗi nawa ya ci, nawa ya dawo da shi, wane hukunci aka yi masa. In bai ci ba, a wanke shi da murya daidai da wadda aka zarge shi da ita, domin shi ma yana da 'ya'ya da surukai. Rahoton kowane kwamitin bincike a kan abincin talakawa ya kamata a karanta shi da Hausa a Rediyo Jigawa, ba a kulle shi a durowa ba.

Kuma in an kama ɓarna, don Allah kada a huce a kan mai ci. Mun ga yadda aka yi a tarayya. A watan Janairun 2024 Shugaban Ƙasa ya dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, kan zargin umartar a tura Naira miliyan 585 asusun wani mutum, bayan 'yan kwanaki kuma aka dakatar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya, har da ciyar da 'yan firamare. Wannan shiri na sani ciki da bai. An fara shi a 2016, Naira 70 kan kowane yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku. Yana da nasa cututtukan, akwai masu girkin da katinsu ke aljihun wani ɗan siyasa, akwai makarantun da yawan yara a takarda ya ninka na cikin aji. Amma duk malamin ƙauye zai gaya maka ranar da aka kawo abinci aji cika yake yi, har da ƙannen da ba a sa su makaranta ba. Da tukunya ta daina zuwa, da yawansu sun koma kiwo da talla. Manya suka yi rigimarsu a Abuja, yaro ɗan shekara bakwai ya biya tara.

Ba zan ɗora wa gwamnati komai ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke karɓar buhun da muka san ba namu ba ne mu ce rabo ne. Mu ne muke zuwa wurin kansila da dare a saka mana suna, ba ma tambayar sunan wa aka goge. Ɗan kasuwar da ke sayen shinkafar juye a sahun gaba yake salla tare da mu. Har abincin nan na yara masu tamowa, na cikin 'yar leda mai haɗin gyaɗa da madara, wanda asibiti ke bayarwa kyauta a matsayin magani, ana ganinsa a faranti a kasuwannin ƙauye, manya na saye suna lasa. Malamanmu suna karanta mana labarin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya tambaya me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Muna jin wannan a tafsiri da dare, da safe mu je mu karɓi kaso. Amma wa'azi aikin malamai ne. Naka aikin shi ne ka sa abin ya yi wuyar yi, kuma abin da mutum yake yi a ɓoye ba lalle ya iya yin sa ba in za a kira sunansa a gaban surukinsa.

Akwai kuma ɓarnar da ba sata ba ce a shari'a, amma cikin talaka bai san bambanci ba. Bikin ƙaddamarwa da rumfuna da kujeru da makaɗa, da ayarin motoci daga Dutse, da alawus na masu rakiya, da buga hoton shugabanni a jikin buhu, duk daga kuɗin abincin suke fita. Sai lokacin rabo. Yunwar ƙauye tana da kalanda, kowa ya san ta: daga Yuli zuwa Agusta, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, magidanci na barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. A nan ne kwano ɗaya yake da darajar kwano uku. Amma sau da yawa tallafi sai ya iso da kaka, hatsi ya cika kasuwa. Kuma me ya sa kullum shinkafa? Mutumin da ya tashi da cin tuwon gero da dawa, in ka ba shi shinkafa ba mai ba wake, sau da yawa sayarwa zai yi ya sayi gero, ɗan kasuwa ya ci riba sau biyu. Da jiha za ta sayi gero da dawa da kaka a kasuwanninmu irin su Gujungu da Maigatari da Sara, da shinkafar kwarin Haɗeja da Auyo, ta adana zuwa tsakiyar damina, da manomi ya samu ciniki, kuɗin sufuri ya ragu, kuma hanyar da buhu zai bi ta gajarta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa Jigawa cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu a rahotonta na 2022, shekarar da ambaliya ta cinye gonaki a Ringim da Haɗeja da kewaye. Jiha irin wannan ba ta da rarar da za ta kashe a rumfa.

Ga abin da nake roƙo a aikace. Mako guda kafin kowane rabo, a karanta a rediyo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mazaɓa bayan mazaɓa, buhu nawa kuma mai kilo nawa. Minti nawa zai ci a karanta layi 287? Sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya ta fi haka tsawo. A manna jerin sunaye a ƙofar mai unguwa da bangon makarantar firamare, da boko da ajami, sannan sanƙira ya karanta shi da ƙarfi bayan sallar Juma'a saboda waɗanda ba sa karatu, a ba da kwana uku na gyara. Wanda yake ganin karanta suna tozarci ne ga mabuƙaci, ya tuna ana tsayar da shi a layi a rana ana ɗaukar hotonsa, kuma a ƙauye ba wanda bai san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A raba a ƙauye-ƙauye maimakon tara dubban mutane a sakatariya, domin mun ji yadda turmutsutsun karɓar abinci ya kashe mutane sama da 60 a Ibadan da Okija da Abuja cikin mako guda a Disambar 2024. A ajiye sikeli a wurin rabo. A haramta wa kowane wakili riƙe katin wani, a kuma sanar cewa babu kuɗin fom.

Ya kamata hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta ba da lambar waya da za a riƙa faɗa tare da kowace sanarwa, wadda mutum zai kira da Hausa ko Fulatanci, kuma kada sunan mai ƙorafi ya koma kunnen wanda aka kai ƙara, don a nan in aka san kai ne ka yi magana, kai da gidanka kun fita daga jeri har abada, har na taki.

Na ga yadda ka zagaya ƙananan hukumomi a shirin Gwamnati da Jama'a. In Allah ya kawo ka wajenmu, bayan jawaban da aka shirya, ka sa a kawo maka jerin rabon da ya gabata na mazaɓa ɗaya, wadda kai da kanka za ka zaɓa a nan take. Ka sa a kira suna ashirin na farko da lasifika, kowa ya miƙe ya faɗi abin da ya shiga hannunsa.

Allah ya ƙara maka lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin firamare mai ritaya,
daga karkarar Jihar Jigawa.